Dutse a bayan taya: nauyin da ya kamata birkin hannu ya iya riƙewa

A Yawunde, birnin da ake wa kirari da mai tuddai bakwai, da wuya direba ya samu shimfiɗaɗɗen wurin ajiye mota. Daga unguwar Briqueterie, inda Hausawa suka daɗe da zama, har zuwa tashoshin motocin arewa, abu guda ido ke yawan gani: mota ta tsaya, yaron mota ya diro da gudu ya cusa dutse ko guntun katako a bayan taya. Haka abin yake a hawan da ke tsakanin Garwa da Ngawundere, inda manyan motocin Duwala zuwa Njamena ke tsayawa injin ya huce. An saba da wejin har an manta abin da yake nunawa, wato direban bai yarda da birkin hannunsa ba.

Birkin hannu, wanda makanikai a ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira frein à main, ba ƙanin birkin ƙafa ba ne, hanyarsa daban. Birkin ƙafa da mai yake aiki: an taka, man birki ya bi bututu ya matse tayoyi huɗu. Na hannu kuwa, a yawancin motoci, wayar ƙarfe ce ta tashi daga sandar da ke gefen direba, ta rabu biyu ta nufi tayoyin baya kaɗai. Da gangan aka yi haka, domin mai yana iya yoyo cikin dare, ƙarfin matsi ya zube, amma wayar da haƙoran sanda suka kulle tana nan a ɗaure har a sake ta.

Akwai ma'auni a rubuce. Ƙa'ida mai lamba 13-H ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake ƙera ƙananan motocin Turai a kanta, ta ce dole birkin ajiye mota ya riƙe ta da cikakken lodi a gangara mai kashi 20 cikin 100, ko gabanta na kallon sama ko yana kallon ƙasa. Ma'anar kashi 20 ita ce hanya ta tashi mita 20 a cikin tafiyar mita 100. Kuma ba a yarda sai ƙato ne zai iya ja ba: ƙarfin hannun da ake buƙata kada ya wuce na ɗaga kilo 40. Motoci da yawa da ke shigowa ta tashoshin ruwan Kotonu da Duwala a kan wannan ma'auni aka ƙera su, sai dai shekaru goma ko ashirin da suka wuce ke nan.

Lissafin ba shi da wuya. Mota mai nauyin kilo 1,500 a irin wannan gangara, abin da ke jan ta ƙasa ya kai kusan kilo 300. In an ɗora mata buhunan albasa da fasinja shida, jan ya ƙaru, birkin kuma bai ƙaru ba. Shi ya sa motar da ta tsaya cak a filin gareji ba ta nuna komai ba, don a shimfiɗe ko birkin da ya mutu rabi zai riƙe.

Lalacewar a hankali take zuwa, kuma wannan ne haɗarinta. Waya na miƙewa da shekaru. Ƙarafan nan biyu masu siffar baka da ke buɗewa su danne cikin gangar taya, mâchoires da tambour a bakin makanikai, suna cinyewa, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru. Direba zai ga sandar da a da take kamawa bayan ƙara biyar ko shida yanzu sai ta kusa miƙewa tsaye. Kowane kamfani na rubuta adadin ƙarar da ya dace a littafin motarsa, kuma in an wuce shi da nisa, gyara ya zo. Wani lokacin ba wayar ba ce, man birki ne ko na aksul ya yoyo ya jiƙa cikin gangar, sai ta zama santsi. A nan ko an ɗaure waya tamau ba za ta yi amfani ba. Makanikin da ya tsaya a ɗaure goron waya bai cire taya ya leƙa ba, rabin aiki ya yi, kuma in ya matse da yawa birkin zai riƙa gugar ganga ana tafiya, ya yi zafi, ya ƙara shan mai.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a motocin da tayoyin bayansu faifai ne, wato disque. Mota ta sauko doguwar gangara, faifan ya yi zafi ya ɗan kumbura. Direba ya ja birkin hannu sama-sama, ya ga ta tsaya, ya shiga masallaci ko wurin mai shayi. Bayan 'yan mintuna ƙarfe ya huce ya tsuke, riƙon ya sassauta, mota ta fara tafiya ba kowa a ciki. Ba aljani ba ne, ƙarfe ne ke komawa girmansa. Maganinsa a danne birkin ƙafa sosai kafin a ja na hannu, a ja shi har ƙarshe, sannan a bar motar cikin giya.

Giyar ita ce mataimaki na biyu. A mota mai kulochi, ana barin ta a giya ta ɗaya in gabanta na kallon sama, a ribas in yana kallon ƙasa, sai a karya sitiyari yadda ko ta motsa taya za ta doki bakin titi ko ta nufi gefe, ba tsakiyar hanya ba. Amma injin da ya tsufa ba ya riƙewa kamar sabo, yana iya bari motar ta riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan.

Masu mota otomatik su ne suka fi sakaci, don suna ganin harafin P ya wadatar. Abin da P ke yi shi ne tura wani ɗan ƙarfe, da bai fi yatsa ba, cikin haƙoran wani gare a akwatin giya. Duk nauyin motar a kansa yake rataya, shi ya sa ake jin ƙara mai ƙarfi in an zo fitar da giya a gangara. Tsarin da ya dace shi ne a taka birki, a ja na hannu, a bar nauyin ya zauna a kansa, sannan a sa P. Kuma hannu na iya kuskuren giya. A watan Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiran motoci kusan miliyan 1.1 saboda direbobi na fita suna zaton sun sa P alhali ba su sa ba. Wata biyu bayan haka, a Los Angeles, ɗan wasan fim Anton Yelchin ya rasu yana da shekara 27, bayan motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi a ƙofar gidansa.

Sababbin motoci sun maye sanda da maɓalli, ƙaramin injin lantarki ne ke matse birkin. Yana riƙewa da kyau, amma in batir ya mutu ba ya sakuwa cikin sauƙi, kuma canza masa plaquettes na buƙatar na'urar da ba kowane gareji ke da ita ba.

Gwajin gida ba ya cin ko dala. A nemi gangara mai kyau da ba mutane a ƙasanta, direba na zaune, ƙafarsa kusa da birki. Ya ja na hannu, ya cire giya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Sai ya juya motar ya sake, domin wasu birkunan ganga sun fi riƙewa ta fuska ɗaya. In ta motsa, ko taya ɗaya ce kawai ta kama, sai gareji, ba sai ranar visite technique ta zo ba. A tuna kuma cewa birki taya yake riƙewa, ba ƙasa ba: a kan taɓo ko tsakuwa, tayoyin baya na iya kulle amma motar ta zame gaba ɗaya. A irin wannan wuri weji na da hujjarsa.

Manyan motoci masu birkin iska tsarinsu a juye yake. Sifirin mai ƙarfi ne ke danne birkin, iska kuma ita ke janye shi, don haka in iska ta zube birkin kamawa yake yi. Ma'auninsu gangara mai kashi 18 ne da cikakken lodi. Sai dai sifirin ɗin iya tazarar da aka saita masa yake turawa. In ƙarafan cikin ganga sun cinye ba a sake saiti ba, zai tura har ƙarshe bai kama sosai ba, kuma tirelar da aka yi wa lodi fiye da ƙa'ida ta riga ta fita daga lissafin da aka ƙera ta a kai. A nan ne ake tura yaron mota, sau da yawa ɗan shekara goma sha, ya durƙusa bayan taya da katako a hannu yayin da motar ke ja da baya.