Tsufan Ɗan Dambe: Yadda Ake Gane Shi a Farkon Kaka

Damben gargajiya a ƙasar Zazzau yana tafiya ne da lokutan noma. Damina kan sauka a Zariya wajen watan Mayu, ta ɗauke a Oktoba. Idan aka kai masara da dawa rumbu, kuɗi ya ɗan shiga aljihun manomi, sai a fara jin kalangu da la'asar a filayen da ke bayan ganuwa da ƙauyukan kewaye. Asali wasan 'ya'yan mahauta ne, shi ya sa kalangu, wanda shi ne kiɗan fawa, ya zama kiɗan dambe. Yanzu akwai gidajen dambe a manyan birane, irin na Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja, inda ake wasa rani da damina, kuma 'yan wasa sun kasu ɓangarori uku: Kudu da Arewa da Guramada. Duk da haka, ɗan damben da yake komawa gona da damina, ko wanda ya ajiye zare a watan azumi, yana da ranar da zai dawo fili bayan dogon hutu. A irin wannan dawowa ce shekaru suka fi tona asirin tsohon ɗan wasa.

Yadda ake wasan shi ne ke nuna abin da tsufa yake ci. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, sannan ya ɗaure shi tamau da zare har ya zama kamar dutse. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗaya hannun, wato garkuwa, a buɗe yake miƙa shi gaba, yana tare naushi da shi, yana kuma auna tazarar abokin karawa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Idan babu wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba su. Ke nan naushi ɗaya tak na iya ƙare wasa, kuma wanda ya riga ɗan'uwansa sakin hannu da ƙiftawar ido shi ke da fili.

Ga misalin abin da 'yan kallo kan gani. Ɗan wasan da ya haura shekara 35 ya shigo fili, makaɗi ya zuga shi, ya ɗaga hannu ya yi kirari, jikinsa na tsuma kamar dā. Aka haɗa shi da yaro ɗan shekara 22. A turmin farko ya ga ƙofa a buɗe, domin idonsa ya san aikin sarai, ya kai hannu, amma kafin mashin ya isa yaron ya riga ya goce. Naushin ya wuce ta iska, nauyinsa ya ja shi gaba, sai da ya yi taku biyu kafin ya tsaya daidai. A turmi na biyu garkuwarsa ta fara sauka daga saitin fuska zuwa ƙirji, bakinsa a buɗe yana haki. Ko da an tashi babu kisa, dattawan da ke zaune a layin gaba sun riga sun lura da ƙafar, wadda ta daina bin umarnin ido.

Masana lafiyar jiki sun yi bayanin wannan. Tsokar ɗan Adam tana da zaruruwa iri biyu: masu jure dogon aiki, da masu fizga waɗanda ake tsalle da gudu da naushi da su. Masu fizgar ne suke fara raguwa. Daga shekara 30 zuwa sama, tsoka kan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, musamman ga wanda ba ya motsa jiki. Iyakar bugun zuciya ma tana sauka. Lissafin da aka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220, don haka mai shekara 20 na iya kaiwa wajen bugu 200 a minti guda, mai 40 kuwa wajen 180. Jijiyoyin kafaɗa da gwiwar hannu suna rage laushi, kuma targaɗen da yake warkewa cikin mako guda a ƙuruciya sai ya kai wata yana damun mutum. Nauyin hannu shi ne ke daɗewa bai tafi ba. Abin da ya sa tsohon ɗan dambe yake ruɗar kansa da masoyansa ke nan: duk ranar da naushinsa ya samu mutum, kisa ne, sai dai ranakun da yake samun suna ta ƙaranci.

Sai dai ba kowane tuntuɓe na farkon kaka ba ne tsufa. Jikin da ya bar atisaye na 'yan makonni yana rasa numfashi, ko na saurayi ne. Noma kuma, duk da wahalarsa, ba ya koyar da saurin hannu. Mai huɗa da garma zai fito da ƙarfin baya da dantse, amma a sandare. Ga sanyin hunturu da ƙurarsa, waɗanda ke sa gaɓoɓi yin tsami da ƙirji yin nauyi. Irin wannan tsatsa ce kawai, kuma tana gogewa bayan wasa huɗu ko biyar. Bambancin yana fitowa ne da tafiyar kaka. Wanda hutu ya dame shi, kullum ƙara sakewa yake yi. Wanda shekaru suka cim masa kuwa, yakan yi kyau yau, ya kwana uku jikinsa bai dawo ba, ya fito mako mai zuwa ya fi na baya rauni. Wata alamar ita ce naushin da a dā zai shanye ya yi murmushi, yanzu shi ke sa gwiwarsa rawa. Yanke wa ɗan wasa hukunci da dambe biyu na farko zalunci ne. Rufe ido bayan na goma kuma cutar da shi ne.

Wannan muhawara ba ta dambe kaɗai ba ce. A Amurka, wasan besbol ya dogara ne kan mai jefa ƙwallo, wanda shi ma hannu ɗaya ne jarinsa. Ana buɗe kakar wasan a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, kowace ƙungiya ta buga wasa 162, kuma duk shekara idan tsohon mai jifa ya fara da kwan-gaba-kwan-baya sai jaridu su ɗauka: sanyi ne, ko ƙarshe ne ya zo? Su suna da na'urar da ke auna gudun ƙwallo, wanda kan wuce kilomita 150 a awa, saboda haka raguwar kilomita uku ko huɗu ba ta ɓuya. Nolan Ryan ya yi kaka 27 yana jifa, har sai da jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke a Satumban 1993, yana da shekara 46. A damben zamani, George Foreman ya ƙwace kambun duniya a 1994 yana da shekara 45, da naushi guda a turmi na goma, bayan Michael Moorer ya sha gabansa a maki. Irin waɗannan tsiraru ne. Labarin Muhammad Ali ya fi kama da na yawancin mutane: Larry Holmes ya yi masa dukan da ya sa aka tsayar da wasa a 1980, Trevor Berbick ya doke shi a 1981, a 1984 kuma aka tabbatar yana da cutar makyarkyata ta Parkinson.

Tsofaffin 'yan damben da suke daɗewa a fili sukan sauya salo. Sun daina bin yaro suna kai masa hannu barkatai. Sai su kafe wuri guda, su riƙa jan shi da garkuwa har ya gaji ko ya yi wauta, sannan su saki hannu sau ɗaya. Suna rage yawan wasa, suna zaɓen abokin karawa, suna barin damben yau da kullum su jira na gasa inda ake sa mota ko babur. Wannan dabara tana ƙara wa mutum shekaru kaɗan, ba ta dawo da ƙuruciya.

Abin da ke hana ajiye zare a kan lokaci ba ya cikin tsoka. Ɗan dambe da sunansa yake ci. Makaɗa suna rayar da wannan suna, kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta sa har gobe ake ambaton Shago, kuma mutumin da aka saba yi wa liƙi idan ya taka fili yana jin nauyin ya zauna a benci. Yaran da suka ɗauki sunansa, masu kiran kansu shagon wane ko autan wane, suna kallonsa. Masu gidan dambe sun san sunansa na cika fili. Mafi yawan 'yan dambe kuma ba su da fansho, ba su da wata ajiya. Kuɗin da aka samu a ƙuruciya ya tafi a hidimar iyali da ta abokai. Idan aka kashe tsohon ɗan wasa a fili, da wuya a ce shekaru ne. Sai a ce an yi masa asiri, ko layarsa ta karye, a tafi neman wani taimakon, alhali abin da jikin yake nema hutu ne.

Haɗarin da ya fi kowanne yana cikin kai. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi: tafiya da tangaɗi, rawar hannu, nauyin harshe, mantuwa. A damben gargajiya babu hular kariya, hannun da aka naɗe da zare kuma ya fi safar damben zamani tauri. Tsohon da garkuwarsa ta fara makara yana shan naushin da a dā zai kauce masa, kuma illar taruwa take yi a hankali, wani lokaci sai bayan an bar wasa da shekaru take bayyana.

Dambe yana da wuraren da tsohon hannu zai zauna da mutuncinsa: ya zama mai horar da yara, ko alƙalin wasa, ko sarkin dambe, ko ya koma fawa ko gona gaba ɗaya. Wanda aka sumar a fili bai kamata ya sake ɗaura zare ba sai likita ya duba shi. Wanda kuma ya fara yawan ciwon kai, ko jiri, ko mantuwa, ko iyalinsa suka ji maganarsa ta sauya, wasansa ya ƙare ko da hannunsa na nan da ƙarfi. Ga mazauna birnin Zariya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa da na ƙashi, kuma daga Ƙofar Doka tafiyar mota ce ta ƙasa da awa guda.