DAKARUN TSIBIRIN GOBIR: TARIHINSU DA GIRMAN DA SUKA SAMU

Idan ana tarihin yaƙoƙin Gobir, barade da ƴan lifidi aka fi ambata. Amma masu tafiya a ƙasa, watau dakaru, su ne suka fi yawa cikin kowace runduna, su ne kuma suka riƙe Tsibiri, a gundumar Gidan Rumji, lokacin da Gobirawa ba su da wata mafaka.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekara ta 1808, Gobirawa suka warwatsu. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi, suka tari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Yaƙin bai yi musu kyau ba: Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta dama a wurin. Sauran jama'a suka bi Mayaƙi, ɗan Sarki Yakuba, wanda ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi.

A nan ne dakaru suka nuna amfaninsu. Kurmin gulbi ba ya ba doki filin sukuwa, amma maharbi yana ɓuya a gindin kowane itace. Rundunar ƙasa kashi-kashi ce. Akwai ƴan baka masu kwari cike da kibau masu dafi, Sarkin Baka ne shugabansu. Akwai ƴan karma masu takobi da garkuwa, waɗanda ke kutsawa idan an yi gaba da gaba. Daga baya aka sami ƴan bindiga. Yawancinsu manoma ne: da damina suna gona, da rani kuwa in an buga tambari sai su ɗauki makami.

A 1842 Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kawo yaƙi Tsibiri, garin bai ciwu ba, shi kuwa ya rasu a Katuru a kan hanyar komawa.

A wancan zamani ba a rataya wa jarumi lambar girma a ƙirji. Wanda ya yi rawar gani, sarki yakan ba shi riga ko rawani, wani lokaci doki, sai dakare ya zama barde. Wani har sarauta ake naɗa masa. Abin da ya fi duka daraja shi ne kirari, domin riga tana tsufa, doki yana mutuwa, amma kirari jikoki suna gadonsa.

Tun 1 ga watan Agusta 1961 tsaron ƙasar nan yana hannun Rundunar Sojojin Nijar. A 2019 dubban mutane masu gudun ƴan fashin daji daga Zamfara da Sakkwato suka ƙetaro zuwa ƙauyukan Gidan Rumji. Ƙasar da ta karɓi masu neman mafaka a 1836 ta sake karɓar wasu, tsaronta kuma ya sake komawa kan sojan da ke taka ƙasa da ƙafarsa. Ya kamata yaran Tsibiri da Agye da Gazawa su san waɗanda suka riga su wannan aiki.