Ina Labarin Ma'aikatar Allurar Rigakafi Ta Yaba?

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko suna ratsa Yaba kullum wajen neman abinci, amma kaɗan ne suka san cewa a unguwar nan aka taɓa yin allurar rigakafin da ta tsare ƙasar nan. Daga 1940 zuwa 1991 ma'aikatar gwamnati da ke wurin ta yi ta fitar da allurar agana, wadda dattawa suka sani da lamba, da ta ciwon shawara, da ta haukan kare. A 1991 aka rufe ta da nufin gyara, daga nan aikin ya tsaya ke nan.

To, ba a daɗe ba aka ga illar dogara ga waje. A 1996 sanƙarau ya auka wa jihohin Arewa, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato, allura ta yi ƙaranci, sai da aka jira ta daga waje. Haka kuma a 2021, lokacin korona, Indiya ta tsai da fitar da allurarta don ta fara yi wa mutanenta. Wadda ƙasashe masu arziki suka ba Nijeriya kyauta ta iso wa'adinta ya kusa cika, har a watan Disamba aka lalatar da fiye da miliyan ɗaya a Abuja.

Ba rashin masana ba ne. Tun 1924 ake aikin rigakafin cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, kuma makiyaya sun shaida. A Dakar ta ƙasar Senegal ma an shafe shekaru fiye da 80 ana yin allurar shawara. Abin da ke da wuya shi ne wutar lantarki da ba ta yankewa, da ɗakunan sanyi, da amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya, sa'an nan uwa uba mai saye. Wata ma'aikata a Afirka ta Kudu ta shirya allurar korona, amma a 2022 ta rasa masu oda.

A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker don farfaɗo da aikin. Ƙungiyar Tarayyar Afirka kuwa ta ɗauki alkawari a 2021 cewa kafin 2040 nahiyar za ta riƙa yin kashi 60 cikin 100 na allurar da take bukata, alhali a lokacin bai wuce kashi 1 ba.

Kafin a kai can, allurar da ake yi wa jarirai a asibitin Agege da na Gusau duk daga waje take zuwa. Tilas gwamnati ta yi alkawarin sayen ta gida tun kafin a aza harsashi, in ba haka ba babu mai kuɗin da zai sa hannu.