Alhaji Mamman Shata: Mawaƙin Da Ƙirjinsa Ne Littafinsa

A ƙasashen Turai, mai tsara kiɗa yakan rubuta shi a takarda, sa'an nan ya tsaya gaban makaɗa da ɗan sanda a hannu yana yi musu jagora. Haka Gustav Mahler ya yi, wanda aka haifa a Bohemiya cikin 1860. Ya shugabanci makaɗan babban gidan wasa na birnin Biyana daga 1897 zuwa 1907, ya mutu a 1911, amma har gobe ana buɗe takardunsa ana kaɗa abin da ya tsara.

A ƙasar Hausa kuwa, Alhaji Mamman Shata Katsina ya haɗa ayyukan nan biyu ba tare da takarda ba. An haife shi a Musawa cikin 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya zama mawaƙi ba, domin ba gadon gidansu ba ne. Da tallan goro da alewa ya fara, kafin waƙar dandali ta rinjaye shi.

Idan Shata ya tsaya a fage, shi ke ɗora amshi, 'yan amshi su karɓa, makaɗan kalangu su bi muryarsa, shi kuwa yana ƙaga baitoci nan take. Da haka ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi da manoma, ya kuma ƙarfafa wa sojoji gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga Azare har Sakkwato, da wuya a sami gidan da muryarsa ba ta shiga ba.

Masana ma ba a bar su a baya ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin dakta a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka cikin 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da Shata ya bari yana cikin fayafayi da kaset-kaset ne, su kuwa lalacewa suke yi. Ya kamata gidajen rediyo da jami'o'i su tashi tsaye su tattara su, su adana, tun kafin a wayi gari sai labari.

Allah ya jiƙansa, amin.