Bayani ga Hakimai da Malamansu a kan Neman Buga Littafi

Akwai mutane da dama a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun waɗanda suka yi rubutu suka ajiye a akwati. Wani tarihin garinsu ya tsara, wani waƙa, wani kuwa labari ya ƙaga. Galibi idan irin wannan mutum ya so a buga aikinsa, wurin hakimi yakan fara zuwa, ko wurin malamin hakimi, don yana zaton takarda daga fada ita ce za ta buɗe masa hanya. An yi wannan bayani ne domin a san abin da za a gaya masa. Takardar fada tana iya shaida cewa mutumin kirki ne, amma mai ɗab'i littafi yake sayarwa, saboda haka littafin zai duba.

Haka abin yake tun farko. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Imam a lokacin malamin makarantar Midil ne a Katsina, Ɓalewa kuma a Bauci. An faɗa musu irin abin da ake nema, suka rubuta shi. Jiki Magayi ma da sunan mutum biyu ya fito, watau John Tafida da East kansa, saboda yawan hannun da mai gyara ya sa a ciki. Wanda duk yake jin gyara cin mutunci ne, sai a tuna masa da wannan.

Tun daga nan wuraren kai aiki sun yi ta sakewa. Hukumar NORLA, wadda ta riƙa buga jaridar Zaruma don Lardin Sakkwato, ta rufe a 1959. An kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966. Daga shekarun 1980 marubuta a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata don mata marubuta. Ga kuma maɗaba'un jami'o'i, waɗanda suka fi karkata ga bincike. Kowane wuri da abin da yake so. Lalle ne mai talifi ya nemi littafi biyu ko uku da wurin ya buga, ya karanta, kafin ya aika da nasa. Wanda ya kai tarihin sarauta inda ake neman gajeren labari ya kai goro kasuwar shanu.

Sa'an nan sai wasiƙa, kuma a nan ne malamin hakimi zai fi taimakawa, tun da yake rubuta wasiƙa sana'arsa ce. Kada ta wuce shafi ɗaya. Bayan gaisuwa, wadda layi biyu sun ishe ta, a faɗi sunan littafin, da irinsa, da yawan shafukansa, da waɗanda ake sa ran za su saya, ko 'yan makaranta ne, ko manoma, ko ɗaliban tarihi. A taƙaita abin da ke ciki daga farko har ƙarshe, ba tare da ɓoye yadda labarin ya ƙare ba. A haɗa da babi biyu ko uku na farko. Kirari ba shi da wuri a wannan wasiƙa, haka kuma kukan talauci. Sau da yawa mai talifi yakan cika shafi da yabon mai ɗab'i, ya manta bai faɗi abin da littafin ya ƙunsa ba.

Rubutun kansa ya zama a buge da kwamfuta, shafukan da lamba, kuma a bi ƙa'idar rubutu. Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita wannan. Wanda bai raba ƙ da k ba, ko ɗ da d, yakan gajiyar da mai karatu tun shafin farko. Kalmomin Zamfarci ba laifi ba ne, sukan ƙara wa zance gishiri a bakin mutanen labari, amma a san inda aka sa su da gangan. Wanda aikinsa ke cikin ajami ya nemi mai juya masa zuwa boko, ya riƙe na ajamin.

Game da abin rubutawa, mutumin wannan yanki ba shi da dalilin aron labarin wata ƙasa. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, a 1980 kuma aka yi rikicin diyyar gonaki wanda aka rasa rayuka a cikinsa. Waɗanda suka ga wannan da idonsu sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa, ya rasu a 1991, da sauran masu iya ba da labarinsa. Marubucin Kano ko na Zariya sai ya yi tafiya kafin ya sami irin wannan, ɗan gari kuwa a zaure zai ji shi. To, amma tarihi yana da nauyi. A rubuta sunan wanda ya ba da labari, da ranar da ya bayar, kuma a nemi yardarsa. Inda aka saɓa a kan jerin sarakuna ko asalin gida, a kawo maganar kowane ɓangare. Hakimi yana iya taimakawa da tara dattawa. Bai kamata ya sa a cire abin da bai yi wa gidansa daɗi ba, don littafin da aka san fada ta tace shi ba ya samun amincewa.

Saura maganar amana. Kada mai talifi ya taɓa ba da kwafinsa ɗaya tilo, ko ga wa. Idan an karɓi aiki, a yi yarjejeniya a rubuce, ta faɗi kwafi nawa za a buga, da kason mai talifi cikin ɗari, da lokacin biya, da wanda ke riƙe da haƙƙin mallaka. A bambanta mai ɗab'i, wanda ke zuba kuɗinsa ya sayar, da mai injin buga takardu, wanda ake biya ya buga kurum. Dukansu halal suke ci, amma wanda ya karɓi kuɗi kuma ya nemi haƙƙin littafi, a yi hattara da shi. Wanda ya zaɓi ya buga da kansa zai nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, kuma doka ta ce ya kai musu kwafi 3.

Amsa takan jima. Idan wata uku sun wuce ba labari, a rubuta tuni cikin ladabi. Idan an mayar da aikin, a duba dalilin da aka bayar, a gyara, a gwada wani wuri. Zai kyautu malamin hakimi ya buɗe rajista, ya riƙa rubuta sunan mai talifi, da sunan littafi, da ranar da aka aika, da inda aka aika, don ranar da gardama ta taso a sami shaida.