Bangon Kom Ombo da matan da ke naƙuda

Uwargida, in Allah ya kai ki Masar kika shiga jirgin ruwan da ke bin Kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan, kada gajiya ta hana ki sauka a Kom Ombo. Haikalin ya haura shekara 2,000. Yara wajen busassun kadoji za su ruga, ke kuwa ki zagaya bangon baya. A nan aka sassaƙa wuƙaƙen fiɗa da siffar mata biyu zaune kan kujerar haihuwa. Ni da nake aikin jinya, na daɗe tsaye a wurin.

Sai dai ranar can ba ta wasa. Ki tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ki riƙe ruwan gora da haɗin gishiri da sukari. Yaro ya rage fitsari, ki koma jirgi da shi nan take, a nemo likita.