Hanyoyin Da Ɗaliban Birnin Kudu Da Gwaram Za Su Bi Domin Samun Gurbi A Manyan Jami'o'i

Kamar yadda jama'a suka sani, ƙasar Birnin Kudu ta daɗe da sanin ilimin zamani. A Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne Alhaji Aliko Ɗangote ya kammala sakandare kafin ya wuce Jami'ar Azhar ta Masar, kuma a Bamaina aka gina makarantar yara masu hazaƙa ta jiha. Duk da haka, kowace shekara mukan ga yara masu ƙoƙari daga Kantoga, Sundimina, Basirka, Fagam da sauran garuruwa sun gama aji shida, sun zauna a gida shekara biyu ko uku ba su sami gurbin karatu ba. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, rashin sanin ƙa'ida ne. Don haka muka ga ya dace mu yi wa iyaye da shugabannin al'umma bayanin yadda ake ɗaukar ɗalibai a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ibadan, wadda ta girme su duka.

Shirin yana farawa ne tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa sashen kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Yaron da yake son aikin likita dole ne ya karanta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya yana buƙatar Lissafi da Fiziks da Kemistiri, mai son aikin lauya kuwa ba zai tsallake Adabin Turanci ba. Idan makarantar da yaro yake ba ta da malamin ɗaya daga cikin waɗannan darussa, lokacin neman mafita ke nan, ko ta hanyar jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, ko ta neman canjin makaranta. Da safe ake kama fara. Wanda ya jira sai aji shida ya makara.

Sharaɗi na biyu shi ne sakamakon WAEC ko NECO. Ana buƙatar kiredit a darussa biyar, har da Turanci, sannan da Lissafi ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Akan yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma a fannin likita manyan jami'o'i da yawa ba sa karɓa sai na zama ɗaya.

Daga nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ɗalibi yana rubuta darussa huɗu, Turanci da wasu uku da suka dace da abin da yake nema, kuma jimillar maki 400 ne. Tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu. A taron tsara ɗaukar ɗalibai na 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, aka kuma tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. To, amma kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Ƙofar gida ce kawai. Mai neman likitanci ko lauya a Zariya ko Kano yana gogayya ne da dubban yara daga kowane sashe na ƙasa, kuma wanda bai haura 250 ba yana cikin haɗari. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi, daga cikin kusan miliyan biyu, ba su kai maki 200 ba.

Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin wannan jarrabawa baki ɗaya, kuma a nan ne yaran karkara suka fi shan wahala. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ɓata lokaci mai yawa yana rawar hannu, alhali abin ba wuya gare shi ba: da maɓallai takwas kacal ake iya amsa dukkan tambayoyin. Muna ganin ya kamata shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tabbatar kowane ɗan aji shida ya yi atisaye sau da dama kafin ranar, kuma a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa. Manhajar jarrabawar tana shafin hukumar na intanet kyauta, malami ɗaya zai iya saukar da ita ya buga wa aji guda.

Akwai kuma batun takardu, wanda yake hana yara da yawa shiga ko da sun ci jarrabawa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan wannan lamba da ranar haihuwa dole su yi daidai da na takardar WAEC ko NECO da na takardar haihuwa. A wajenmu yaro yakan zama Muhammad Sani a firamare, ya koma Sani Muhammad Gwaram a sakandare, a gida kuma ana kiransa Ɗanlami. Gyaran irin wannan yana cin kuɗi da watanni. Haka kuma layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na yaron ne ko na mahaifinsa, kada a yi da na mai shagon kwamfuta, domin ta wannan layi saƙonni za su riƙa zuwa har ƙarshen al'amari. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomin biyu su sauƙaƙa wa ɗalibai samun takardar shaidar asali a kan lokaci, ba sai ana gobe za a rufe tantancewa ba.

Wannan takarda tana da muhimmanci saboda yadda ake raba gurabe. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka yi wa nisa a ilimin boko, kuma Jigawa tana cikinsu. Ke nan ɗan Gwaram da ya nemi Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello yana da ƙofa uku. Har a Ibadan da Legas wannan kaso na ƙarshe yana aiki, sai dai kaɗan ne daga cikin yaranmu suke nema, saboda nisa da fargabar iyaye.

Zaɓin jami'a ma yana buƙatar shawara. Manyan jami'o'i kusan ba sa duba wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Idan maki ya fito bai kai na likita ba, gara a canja fanni ko jami'a da wuri da a zauna jiran tsammani. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa tun 2013, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, wadda ba ta da nisa ga mutanen Gwaram. Wanda ya nace sai Zariya kuwa yana iya bin shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, idan ya yi kyakkyawan sakamako ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Bayan jarrabawar JAMB kowace jami'a tana yin tata tantancewar, don haka a riƙa bibiyar sanarwarta, a kuma ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin hukumar. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta tsarin CAPS yake fitowa, kuma sai ɗalibi ya shiga da kansa ya nuna ya karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, to yaudara ce, kuma karatun da aka yi a kan irin wannan gurbi yakan jawo matsala a lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Game da kuɗi, rajista takan faɗo ne a farkon shekara, don haka yana da kyau magidanci ya ware wani abu tun da kaka, lokacin da gyaɗa da riɗi suke hannu, kuma a yi wa 'ya'ya mata tanadi daidai da na maza. Wanda ya sami gurbi yana iya neman tallafi a Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Jiha da ke Dutse, ko bashin karatu na asusun NELFUND, wanda gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 ba tare da kuɗin ruwa ba. Dukkansu biyun za su nemi ganin takardar shaidar samun gurbi, saboda haka a buga ta a adana da zarar ta fito.